Bakin Salansar da Ya Dace da Tsohuwar Motar da Aka Sabunta: Tambayoyi da Amsoshi

Mai sabunta tsohuwar mota yakan kashe kuɗinsa da lokacinsa a kan inji, fenti da kujeru, sai aiki ya zo ƙarshe sannan ya tuna da bakin salansa, alhali kuwa shi ne kaɗai abin da ido ke gani daga dukan hanyar da hayaƙi ke bi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa idan an zo zaɓensa.

Shin canza bakin salansa yana ƙara wa inji ƙarfi?

Ba ya ƙarawa. Hayaƙi yana fitowa daga inji ne ya bi bututu ta ƙarƙashin mota, ya shiga tukunyar salansa wadda ke rage ƙara, sannan ya fita ta bututun ƙarshe, kuma bakin shi ne ɗan guntun da ke can ƙarshen wannan tafiya. Duk abin da zai takura hayaƙi ya riga ya takura shi tun kafin ya iso nan, saboda haka faɗaɗa inci shida na ƙarshe ba zai buɗe abin da ya matse a gaba ba. Abin da baki zai iya yi wa inji shi ne cutarwa, idan aka sa wanda raminsa ya fi bututun ƙanƙanta.

To sauti fa, yana canzawa?

Yana canzawa kaɗan. Baki mai faɗi da tsawo yakan ɗan kaurara sauti, wanda aka lanƙwasa ƙasa kuma yakan sa ƙarar ta bugi titi ta dawo cikin mota, amma ainihin muryar mota tana fitowa ne daga inji da tukunya. Sai dai akwai motar da wannan magana ba ta hau kanta ba, wato Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975. Siraran bututu biyu masu ƙyalli da ke leƙowa a bayanta suna ɗauke da wani ƙarfe mai huje-huje a ciki, wanda aikinsa rage ƙara ne, kuma shi ke ba ta wannan ɗan fito da ake gane ta da shi tun daga nesa. Wanda ya cire su ya sa buɗaɗɗen bututu ya canza muryar motar gaba ɗaya, kuma ba lallai ba ne sabuwar muryar ta yi masa daɗi a doguwar tafiya.

Idan ado ne kawai, ta ina ake fara zaɓe?

Ana farawa ne daga zamanin motar da kuma salon da aka bi wajen sabunta ta, domin kowane fasalin baki yana da lokacinsa da wurin da ya fito. A Amurka, inda al'adar sauya fasalin tsofaffin motoci ta fi ƙarfi, a da matasan da ke tsere a busassun tafkunan kudancin Kalifoniya irin su El Mirage sukan fito da bututu ta gefen mota su rufe bakinsa da murfi, idan sun isa filin tsere su kwance murfin don hayaƙi ya fita kai tsaye ba tare da ya bi tukunya ba. Daga nan ne dogayen bututun ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙasan ƙofofi suka zama ado a motocin shekarun 1950. Wani salon, wanda ya samo sunansa daga garin Bellflower a jihar, siririn bututu ne da ke fitowa a bayan tayar baya ya miƙe tare da gefen mota har zuwa bamba, kuma ya fi dacewa da dogayen motocin shekarun 1960 da aka sauke su kusa da ƙasa.

Su kansu kamfanoni sun bar misalai. Jaguar E-Type ta 1961 ta haɗa siraran bututu biyu a tsakiyar bayanta. Ford Mustang GT ta 1965 ta fito da nata ta cikin farantin da ke ƙarƙashin bamba, bakinsu a buɗe kamar na kakaki. A shekarar ce kuma aka fara bai wa mai sayen Corvette zaɓin bututun gefe. Dodge Challenger R/T ta 1970 kuwa bakuna masu kusurwa huɗu aka yi mata, waɗanda suka tafi daidai da faffaɗan bayanta. Duk waɗannan sun yi kyau ne saboda an zana su tare da jikin motar. Idan aka ɗauki bakin Challenger aka liƙa wa mota mai zagayayyen baya irin Beetle, kowa zai ga cewa aro aka yi, ko da bai san sunan ko ɗaya daga cikin motocin ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya tsaya a bayan motarsa ya dubi fitilu da bamba. Inda layukan suke zagaye, zagayayyen baki ne zai zauna. Inda suke miƙe masu kusurwa, mai ɗan faɗi ko wanda aka yanke a karkace zai fi karɓuwa.

Me ya dace da mota irin Peugeot 504?

Wannan mota ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa ta a 1975 ta ci gaba har bayan shekarar 2000, shi ya sa har yanzu ake samun masu sabunta ta a nan. Injinta mai silinda huɗu ne, kusan lita biyu, kuma bututun irin wannan inji ba ya cika wuce inci biyu a faɗi. Kyawunta yana cikin natsuwar layukanta da wannan but mai gangara. A ganina baki ɗaya, zagayayye, mai naɗaɗɗen leɓe, wanda bai fi bututun da rabin inci zuwa inci ɗaya ba, shi ne iyakar abin da take buƙata. Baki mai faɗin inci huɗu da ake sayarwa don motocin zamani yana sa ta zama kamar dattijon da ya sa babbar riga ya ɗora hular 'yan ƙwallo, kuma duk wanda ya sunkuya zai hango siririn bututun yana lilo a cikin babban rami.

Ana iya sa baki biyu, hagu da dama, a motar da ke da bututu ɗaya?

Ana iyawa, amma a san abin da ake yi. An fi ganin bututu biyu na gaske a injin silinda takwas mai jeri biyu, inda kowane jeri ke da hanyarsa. A motar da ke da bututu ɗaya kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a raba bututun bayan tukunya, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya yakan fi samun hayaƙi, sai ka ga baki ɗaya ya yi baƙi ɗayan yana fes. Wanda aka rataya don ado kawai, ba a haɗa shi da komai ba, sanyin safiya ne ke tona masa asiri, domin tururi zai riƙa fita ta gefe ɗaya.

Wurin da bakin ya fito yana da muhimmanci, ko shi ma ado ne?

Nan ne maganar ta bar ado ta koma ta lafiya. Yawancin tsofaffin motoci masu kafireta ba su da na'urar tace hayaƙi irin ta motocin yanzu, don haka hayaƙinsu yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Idan mota tana gudu, iskar da ke bayanta takan yi juyi ta komo jikinta, ta tura hayaƙin cikin but ta duk inda roba ta mutu ko tsatsa ta huda. Saboda haka dole bakin ya kai gefen jikin mota ko ya ɗan zarce bamba, kada ya tsaya a ƙarƙashinta. Matsalar ta fi tsanani a motoci masu dogon baya da ƙofa a bayan, irin 504 ta ɗaukar iyali, shi ya sa ake yawan karkatar da bakin irinsu gefe ko ƙasa, a kuma tabbata robar ƙofar baya tana da rai.

Akwai kuma darasin da Cadillac ta bari. Daga 1952 ta riƙa fito da hayaƙi ta cikin bambar kanta, Ford Thunderbird ta 1955 ma ta bi irin wannan hanya, abin ya yi kyau a ɗakin sayarwa, amma zafi da danshin hayaƙi suka riƙa cin ƙyallin bambar, har aka watsar da salon bayan 'yan shekaru. Mai sabunta mota ya bar tazarar yatsa ɗaya ko biyu tsakanin baki da bamba ko fenti, domin bututu yana ƙara tsawo idan ya yi zafi, yana kuma motsi a kan robobin da aka rataye shi. Bututun gefe yana ƙona ƙafar mai fitowa daga mota idan ba a yi masa kariya ba. Wanda aka lanƙwasa ƙasa yana hana baƙin hayaƙin injin dizal ɓata fenti, amma yana tayar da ƙura a hanyar da ba kwalta, kuma shi ne farkon abin da tudun rage gudu ke duka idan an cika mota da kaya.

Wane ƙarfe ya fi daɗewa?

Ƙona lita ɗaya ta fetur tana samar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi, kuma motar da ake fitowa da ita jefi-jefi don gajeriyar tafiya ba ta yin zafin da zai busar da shi, sai ruwan ya kwanta ya ci ƙarfe daga ciki. Baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin kurom shi ne ya fi kama da abin da tsofaffin motocin suka zo da shi, ƙyallinsa ma ya fi zurfi, amma da zarar rufin ya tsage tsatsa za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɓare shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304, wanda ke da kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ya fi jurewa, sai dai zafi kan sa shi ya ɗan yi ruwan zinariya. Mai lamba 409 ya fi araha amma fuskarsa takan yi ja-ja da daɗewa. Maganaɗisu yana taimakawa a kasuwa: yana manne wa 409 da baƙin ƙarfe sosai, amma da ƙyar yake kama 304.

Walda za a yi ko ɗaurewa da noti?

Walda ta fi tsabta a ido, ba ta kwancewa da girgiza, kuma ɓarawo ba ya iya kwance bakin a wurin ajiye motoci. Maɗauri mai noti kuwa yana ba da damar gyara tsayi da karkata, ko a mayar da mota yadda take, abin da ke da daraja ga motar da asalin kayanta ke ƙara mata kuɗi. Wanda ya fi dacewa shi ne a fara ɗaurewa da noti, a sauke motar daga jak ta tsaya a kan tayoyinta, a ja da baya taku goma a duba daga baya da kuma gefe, a yi 'yan kwanaki ana hawa ana lura da inda baƙin hayaƙi ke sauka a jikin bamba. Idan wurin ya zauna, sai a kira mai walda, a tabbata ya cire kan batir ya kuma kare tankin mai kafin ya fara, sannan a ajiye tsohon bakin da aka cire tare da takardun motar.