Waiwaye: Yadda gubar ciyawa ta shiga abincin karnuka

Kwanaki na shiga wani shago a Zoo Road, sai ga wani saurayi yana zaɓar wa karensa busasshen nama na leda, irin mai kama da kilishi ɗin nan, yana ta juya ledar yana neman ranar lalacewa. Nace a raina ai matsalar ta wuce nan ɗan'uwa.

Tun 2007 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara samun koke kan irin wannan naman da ake kawowa daga Chana, karnuka suna ta ciwon ƙoda, sama da 1,000 suka mutu, an yi shekaru ana gwaji a lab, an samu ɓurɓushin magani amma takamaiman dalili ya gagara. Saboda na'ura abin da aka ce ta nema shi take nema.

Wanda yafi tsaya min a rai na Ostareliya ne. Akwai wata ciyawa Indigofera, dangin baban da aka san Kofar Mata da rini da shi ne, amma ba irinsa bace, tana ɗauke da guba mai suna indospicine. Doki ko raƙumi zai ci abinsa, gubar ta taru a namansa, a yanka a ba kare, hantar karen ta lalace. Kuma dafuwa bata kashe ta, wallahi nan ne abin tsoron. A shekarun 1980 karnuka sun mutu a Alice Springs kan naman doki, daga baya aka sake gani a naman raƙumi, sai kuma 2021 a jihar Victoria inda sama da 20 suka mutu, likitocin dabbobi suna ta ganin ciwon hanta sai da gwaji ya kai ga wannan gubar.

Yanzu a Kano masu kiwon karen gadi da mage sun yi yawa, wasu leda suke saye, wasu ragowar nama daga abbatuwa. Ba cewa nake namanmu yana da wannan gubar ba, a'a. Amma in karenka ya daina cin abinci, yana amai, idonsa yayi ɗorawa, kar ka jefar da ledar, ka tafi da ita wajen likita tare da shi.