Ma'anar MP3 da abin da ya kamata mai saye ya duba

A kasuwannin waya irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano, idan mutum ya ce a ba shi MP3, ko MP a taƙaice, abin da mai shago zai miƙo masa shi ne ƙaramar na'ura mai lasifika da batir da ramin sa katin memori, galibi har da rediyo a jikinta. Wannan ma'ana ta riga ta zauna a bakin jama'a, amma asalin kalmar sunan wata hanya ce ta matse sauti domin ya ci wuri kaɗan, kuma daga baya ne na'urar da ke kunna irin wannan sauti ta gaji sunan. Sanin wannan bambanci yana da amfani ga mai saye, domin yawancin ƙorafin da ake yi bayan an kai na'ura gida yana tasowa ne daga fayilolin da aka zuba mata da kuma yadda take karanta su.

MP3 taƙaitawa ce ta MPEG-1 Audio Layer III, wato mataki na uku na tsarin sauti da kwamitin masana na MPEG ya amince da shi. Mafi yawan aikin an yi shi ne a cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, kuma injiniya Karlheinz Brandenburg yana cikin waɗanda suka jagorance shi. An wallafa tsarin a matsayin ƙa'idar duniya a 1993, sannan a watan Yulin 1995 aka zaɓi haruffan mp3 su zama alamar da ke ƙarshen sunan fayil. Matsalar da masanan suka so warwarewa ita ce girman sauti, domin minti ɗaya na faifan CD yana cin kimanin megabait 10, abin da ya yi wa kwamfutoci da layukan intanet na wancan zamani nauyi ƙwarai.

Dabarar da suka yi amfani da ita ta dogara ne a kan raunin kunnen ɗan Adam. Idan sauti mai ƙarfi ya zo tare da mai rauni da ke kusa da shi a amo, kunne ba ya jin mai raunin, kamar yadda wanda ke tsaye kusa da makaɗin ganga ba ya jin raɗar da ake yi a bayansa. Manhajar da ke haɗa MP3 tana lissafa waɗannan sassa da ba a ji, ta zubar da su ko ta rage musu kulawa, ta adana sauran. Ta haka minti ɗaya yake komawa kimanin megabait 1 a ma'aunin kilobit 128 a daƙiƙa, wato kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girmansa na asali. Ma'aunin da aka saba gani yana kaiwa har 320, kuma gwargwadon hawansa gwargwadon tsabtar sauti da girman fayil. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa. Wanda ya ɗauki waƙar da aka matse a 64 ya mayar da ita 320 bai ƙara mata komai ba sai cin wuri, kuma wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset, aka yi ta matse su daga hannu zuwa hannu, suke fita da shaƙaƙƙiyar murya ko da a na'ura mai tsada.

Na'urorin aljihu sun fara fitowa a 1998, da MPMan ta kamfanin SaeHan na Koriya ta Kudu da Rio PMP300 ta kamfanin Diamond na Amurka mai megabait 32, wanda ke ɗaukar kimanin rabin awa na kiɗa a ma'aunin 128. A watan Oktoban 2001 Apple ya fito da iPod mai gigabait 5 da ke ɗaukar waƙoƙi 1,000, kuma sai a 2022 ya daina ƙera ta bayan wayar hannu ta cinye kasuwarta. A ƙasar Hausa na'urar ba ta mutu ba, saboda ba ta buƙatar data, ba ta cinye cajin waya, kuma dattijo ko mai shayi ko tela yana iya barin ta tana aiki tun safe har dare.

Ya kamata a raba MP3 da MP4, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa na biyun sabon samfurin na farko ne. MP4 wani mazubi ne dabam da ke ɗaukar bidiyo tare da sauti. Haka kuma saƙon murya na WhatsApp a tsarin Opus yake, wasu wayoyin kuma suna naɗar sauti a tsarin m4a, kuma yawancin ƙananan na'urori masu araha ba sa gane waɗannan, sai su tsallake su kamar babu su a katin. Wanda ya tara wa'azi ko karatu ta wannan hanya dole ne ya sa a juya masa su zuwa MP3 kafin a tura.

Game da girman kati, lissafin ba shi da wuya. Gigabait ɗaya, wanda 'yan kasuwa ke cewa gig, yana ɗaukar kimanin awa 17 a ma'aunin 128, ko ninkin haka a ma'aunin 64 wanda ya wadatar da magana zalla kamar tafsiri da darussa. Saboda haka katin gig 8 na gaskiya ya ishi cikakken karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi guda har da saura. A ganina neman kati mai gig 64 ko 128 domin irin wannan na'ura ɓarnar kuɗi ce, domin da yawansu ba sa karanta abin da ya haura gig 32, sannan a cikin manyan katunan masu arahar da ta wuce hankali ne jabu ya fi yawa. Katin jabu yana nuna girman da ba shi da shi, yana karɓar duk abin da aka tura masa ba tare da gardama ba, sai an zo saurare a tarar rabin fayilolin sun lalace.

Idan kyauta za a yi wa mahaifi ko kaka, abu mafi muhimmanci shi ne na'urar ta riƙa tuna inda aka tsaya. Zaman tafsiri ɗaya yakan haura awa guda, kuma na'urar da ke komawa farkon fayil duk lokacin da aka kashe ta domin salla za ta gundure mai ita cikin mako guda. Ana gwada wannan a gaban mai shago: a kunna, a bari ya yi nisa, a kashe, a sake kunnawa. Bayan haka sai maɓallan lamba, waɗanda suke ba mutum damar danna 36 ya faɗa kan Yasin kai tsaye maimakon ya yi ta tsallake surori ɗaya bayan ɗaya. Amma wannan ba ya yiwuwa sai fayilolin sun jeru daidai, kuma ƙananan na'urori da yawa suna bin jerin da aka tura fayiloli ne a cikin katin, ba sa kula da sunayensu. Don haka a gaya wa mai turawa ya goge katin tukuna, ya zuba surorin a jere daga 001 zuwa 114, sannan sauran abubuwa su biyo baya.

Batir mai cirewa ya fi wanda aka manne a ciki, musamman ga mazauna karkara. Iri biyu ne suka fi yawa: BL-5C irin na tsofaffin wayoyin Nokia mai ƙarfin kimanin mAh 1,000 (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), da dogon nan mai suna 18650 wanda na gaskiyarsa ba ya wuce kimanin 3,500, duk da cewa ana ganin masu ɗauke da rubutun 9,900 a kasuwa. Idan mai karɓar kyautar ma'abocin labaran tashoshin ƙetare ne, a tabbata akwai gajeren zango a rediyon, domin wasu FM kaɗai suke kamawa. Bluetooth kuwa matashin da ke son haɗa na'urar da wayarsa ko da abin sa wa a kunne mara waya ne yake buƙatarsa, kuma shi ma ya tambaya ko na'urar tana aika sauti ne ko karɓa kawai take yi, domin masu lasifika a jiki galibi karɓa kaɗai suke yi daga waya.