Waiwaye: Yadda masu kula da yara da matasa suka fara haɗa kai a Arewa Mai Nisa

A da, a garuruwan arewacin Kamaru, idan yaro ya gagara ko uwa ta rasa mai taimakonta, maganar tana da hanyar da take bi: kawu, malamin allo, jauro ko lawan, in ta yi tsauri a kai ta gaban lamiɗo. Kamaru ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1993, kuma ma'aikatu uku ne lamarin ya shafa: ta jin daɗin jama'a, ta mata da iyali, da ta matasa. Sai dai kowace da ofishinta da takardunta, sai a daɗe ma'aikacin wannan bai san abin da na waccan ke ciki ba.

Ƙungiyoyin gida ne suka fara cike wannan giɓi. A 1998 Marthe Wandou ta kafa ALDEPA, wadda ke aiki daga Marwa, babban birnin yankin Arewa Mai Nisa, kan karatun 'ya'ya mata da hana auren wuri. A 2021 aka ba Marthe Wandou lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood.

Rikicin Boko Haram ne ya tilasta wa kowa zama a teburi ɗaya. An buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013 domin 'yan gudun hijira daga Najeriya. Daga 2014 hare-hare suka kai Kolofata da Fotokol, makarantun bakin iyaka suka rufe, yara suka rabu da iyayensu. Yarinyar da ta kuɓuta daga daji tana buƙatar likita, da mai kwantar mata da hankali, da mai nemo danginta, da makarantar da za ta karɓe ta, kuma babu ƙungiya ɗaya da ke da duk wannan. Shi ya sa UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da jami'an gwamnati suka riƙa zama a Marwa domin a san wa zai miƙa yaro ga wa. A Nuwamba 2018 aka kafa kwamitin karɓar tubabbun mayaƙa, da cibiya a Mora.

A ganina wannan ci gaba ne na gaske, amma kuɗin agaji ne ke riƙe da shi, kuma an bar masu unguwanni da malamai a baya, alhali su ne suka san kowane gida. Takardar haihuwa ta isa misali. Yaron da ba shi da ita ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba. Idan wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu, an kawo shaidu, an koma ofishin magajin gari. Uban da ke ƙauye ba zai iya wannan zirga-zirga shi kaɗai ba, sai shugaban makaranta da jauro da ma'aikacin jin daɗin jama'a sun haɗa sunayen yaran sun kai tare.