Maɓallin da ke ganin yatsa: tambayoyi kan murhun lantarki mai fuskar gilashi

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari zai ga murhu da injin wanki waɗanda fuskarsu sumul take, babu abin dannawa sai 'yan zane-zane. Ka ɗora yatsa, su yi ƙara, su kama aiki. Wasu daga cikinsu da haske suke gane yatsan nan.

Yaya gilashi zai san an taɓa shi?

Gilashin kansa bai san komai ba. A ƙarƙashin kowane zane akwai ƙananan abubuwa biyu kusa da juna: ɗan ƙwan fitila irin na LED mai fitar da hasken infirared wanda ido ba ya gani, da idon lantarki mai karɓar wannan haske. Idan babu komai a saman gilashin, hasken ya wuce abinsa, kaɗan ne ke dawowa. Da zarar yatsa ya sauka, sai hasken ya bugi fata ya komo ƙasa, wutar da ke bi ta idon ta ƙaru. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke kan allon na'urar tana auna wannan ƙaruwa, in ta haura iyakar da aka sa mata sai ta ɗauka an danna.

Akwai kuma wani nau'in da ake dannawa da gaske. Maɓallin yana da ɗan harshe na roba a bayansa, in an danna sai harshen ya shiga tsakanin fitilar da idon ya yanke hasken.

To me ya sa ba ma ganin hasken?

Idon ɗan Adam yana ganin haske ne mai tsawon zango daga wajen nanomita 400 zuwa 700 inda jan launi yake, fitilun nan kuwa galibi a 850 ko 940 suke aiki, can bayan ja. Masanin taurari William Herschel ne ya gano irin wannan haske a Ingila a 1800, lokacin da ya raba hasken rana zuwa launuka, ya ga ma'aunin zafi yana hawa a gefen jan launi inda ido ba ya ganin komai. Shi ne dai hasken da ke fita daga bakin rimot ɗin talabijin. Ka saita rimot a gaban kyamarar waya ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga yana ƙyaftawa. Baƙin gilashin murhu ma yana barin sa ya ratsa, duk da mu duhu muke gani.

Ke nan duk na'urar da ake shafawa da haske take aiki?

A'a, kuma mafi yawa ma ba haka ba ne. Wadda ta fi yawa ita ce irin ta fuskar waya, mai jin canjin cajin lantarki idan jikin mutum ya matso. Gwajin ba wuya: ɗora farar takarda da aka naɗe ko gindin cokalin katako a kan zanen. Mai haske yakan amsa, don shi abin da zai maido masa da haske kawai yake nema. Ɗayan kuwa ko a jikinsa.

Wane laifi tsohon maɓalli ya yi da aka bar shi?

A tsohon maɓalli, ƙarfe biyu ne ke haɗuwa. Kowace dannawa tana cin su, tururin girki yana sa su tsatsa, ƙura tana shiga tsakaninsu. Mu nan Kano ba sai an yi mana bayani ba: ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu babu inda ba ta kutsawa, shi ya sa maɓallin abin ɗumama abinci kan kai matsayin da sai an danna shi da ƙarfin tsiya. Mai haske ba shi da ƙarfen da zai gogu, kuma a rufe yake ruf a bayan gilashi, miya ko ta zube ba ta isa gare shi. A ganina wannan ne babban amfaninsa, kyan gani daga baya yake.

Rana ba ta rikita shi? Ai ita ma tana da wannan haske.

Tana da shi, mai yawa ma. Dabarar masu ƙera shi ita ce fitilar ba ta zama a kunne, ƙyaftawa take da sauri. Ƙwaƙwalwar ta auna haske lokacin da fitilar ke kunne, ta sake aunawa tana kashe, ta cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne nata. Amma idan ranar azahar ta watan Afrilu ta faɗo kai tsaye ta taga, idon kan cika ya kasa bambance komai. Kada a ajiye irin wannan murhu a tsakar gida ko daf da taga.

Wani abin da ya shafe mu sosai: da yawansu suna auna hasken ɗaki a daidai lokacin da wuta ta shigo musu, su riƙe shi a matsayin ma'auni. Idan aka kawo wuta alhali murfin tukunya ko tsumma na kan zanen, ma'aunin ya karkace, sai maɓallan su yi ta gardama.

Launin fata yana da tasiri?

Yana iya yi. Fata mai duhu takan maido da haske ƙasa da mai haske, ko da yake tazarar tana raguwa a infirared. A 2017 wani ɗan Najeriya ya yaɗa bidiyon na'urar zuba sabulu da ta ƙi amsa wa hannun wani mai duhun fata har sai da ya ɗora farar takarda. A murhu abin da sauƙi, tunda cikin yatsa ake ɗorawa kuma manne yake da gilashin. Duk da haka, gwada da hannunka a shago kafin ka biya.

Nawa ya daina amsawa. In kira mai gyara?

Dakata tukuna. Maiƙon suya da ƙura in sun haɗu sukan yi wani siririn rufi a kan gilashin wanda ke maido da haske kullum, sai na'urar ta zaci yatsa ne ya ƙi ɗagawa, ta yi ta ƙara ko ta kashe kanta. Kashe wutar daga bango, goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu, a busar sarai, ban da soson ƙarfe don yana karce gilashi. Kwashe komai daga kai, sannan a kunna. A duba kuma ko alamar makulli na haske, wato makullin da ke hana yara dannawa ne ya shiga. Idan bayan wannan maɓalli ɗaya ne tak ya mutu sauran na aiki, mai yiwuwa fitilarsa ko idonsa ne ya lalace, nan ne aikin mai gyara ya zo.