Ba Ruwa da Rana Ke Ruɓar da Mataccen Abu Ba

Mutane da yawa sun ɗauka ruwan sama da zafin rana ne ke ruɓar da ganye ko mushe har ya koma ƙasa. Ba haka ba ne. Aikin masu rai ne: ƙwayoyin bakteriya, fangas, gara da tana. Ɗaga ruɓaɓɓen icce ka leƙa ƙarƙashinsa, za ka ga fararen zarurruka kamar saƙar gizo-gizo. Fangas ke nan, yana cin iccen. Danshi da ɗumi sauƙaƙa musu aikin kawai suke yi.

Inda sanyi ya hana su sakat, ruɓa takan tsaya cik. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps da ke Turai, ya yi kusan shekara 5,300 da mutuwa, amma fatarsa tana nan, har da zanen da ke jikinta.