Waiwaye: Yadda Kayan Dodon Sulka Suka Bar Daji Suka Shiga Gidajen Tarihi

Sulka ƙaramar ƙabila ce da ke zaune a gaɓar teku ta Wide Bay, a gabashin tsibirin New Britain na ƙasar Papua New Guinea, kuma harshenta ya sha bamban da na yawancin maƙwabtanta. Abin da ya fitar da sunanta a duniya shi ne kayan dodon da mazajenta ke haɗawa a ɓoye cikin daji, nesa da idon mata da yara, waɗanda masu rawa ke rufe kai da fuska da su, domin bikin kaciyar samari, da aure, da makokin manya.

Iri biyu aka fi sani. Akwai susu, mai siffar mazurari da aka kife, sannan akwai hemlaut, wanda ya fi daraja, mai ɗauke da faffadan faifai kamar laima a bisa kansa. Ba sassaƙa su ake yi daga icce ba. Ana ɗaure ƙwarangwal da tsumagu masu lanƙwasuwa, a jera siraran totuwar wani tsiro ɗaya bayan ɗaya a ɗinke, kana a rina da ja mai ɗaukar ido, yayin da ganyaye ke lulluɓe jikin mai rawar. Zanen da ya fi kyau yana ƙarƙashin laimar, don haka jama'a ba sa ganinsa sosai sai mai rawa ya karkata kansa a tsakiyar fili. Da biki ya watse, al'ada ita ce a mayar da kayan daji a ƙone su, duk da makonnin da aka shafe ana aikinsu.

Turawa sun soma kwasar waɗannan kaya ne bayan da Jamus ta mallaki yankin a 1884. 'Yan mishan na Katolika, da 'yan kasuwa, da jami'an mulki sun riƙa aikawa da su gidajen tarihi na Berlin da Hamburg da Stuttgart, kuma mai binciken al'adu Richard Parkinson ya bayyana al'adun Sulka a littafinsa na 1907. Tsakanin 1909 da 1913, masanin al'adu ɗan Amurka A. B. Lewis ya tara wa gidan tarihi na Field da ke Chicago dubban kayayyaki daga tsibiran yankin. A wannan gida ne marubucin Faransa André Breton ya ga wani hemlaut mai ɗauke da siffar ƙatuwar ƙoƙi-ƙoƙi a kan laimarsa, ya yaba shi matuƙa, abin da ya ƙara jawo hankalin masu zane da masu tara kayan fasaha.

Ƙarancin tsofaffin kayan ne ke sa masu tarawa ke rububinsu a wuraren gwanjo, kuma asalin ƙarancin shi ne cewa masu su ba su yi su don su daɗe ba. Totuwa tana ruɓewa, ƙwari suna cinta, jan kuma yana kodewa idan haske ya daɗe a kansa. A ganina, wanda ya tsaya gaban gilashi a Turai yana kallon rabin abin ne kawai, domin babu ganyen, babu kiɗan, babu rawar.

Su kuwa Sulkawa ba su daina ba. Ostireliya ta karɓi yankin a 1914, Papua New Guinea ta sami 'yanci a 1975, yawancinsu sun zama Kiristoci, amma har yanzu dodannin suna fitowa, har ma a bikin naɗa limaman coci.