Jimnosfam, tsirrai masu iri a tsirara

Jimnosfam rukuni ne na tsirrai da ke yin iri amma ba sa fure, ba sa kuma ɗa mai tsoka irin na mangwaro ko magarya. Sunan daga harshen Girkanci yake, kalma biyu aka haɗa: gumnos, wato tsirara, da sperma, wato iri. Ƙwallon aduwa yana rufe cikin ɗan aduwa. Ƙwayar irin jimnosfam kuwa a fili take zaune bisa ɓawon wani curi mai kama da gajeruwar zangarniya. Nau'insu da ke raye ya ɗan haura 1,000, alhali masu fure sun kai wajen 300,000.

Tarihin rarrabewa

Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin bai wa kowace tsiro suna mai kalma biyu a 1753, ya jera tsirrai ne bisa ƙirga gaɓoɓin haihuwarsu, don haka bai ware waɗannan a gefe guda ba. Robert Brown, ɗan Sukotilan, shi ya nuna a tsakiyar shekarun 1820 cewa ƙwan irinsu ba ya cikin wata mahaifa, bununi kai tsaye yake sauka a kansa. A 1896 masana biyu na Japan, Hirase da Ikeno, suka gano cewa ƙwayar namiji ta ginko da ta saikad, wasu rassa biyu na jimnosfam, iyo take yi da ƴan gasu kafin ta kai ga ƙwan, halin da aka sani ga tsofaffin tsirrai marasa iri.

Burbushin cikin duwatsu ya nuna tsirrai masu iri sun bayyana kimanin shekaru miliyan 360 da suka wuce, konifa kuma, wato reshen jimnosfam mafi yawa, wajen miliyan 300. Jimnosfam ne suka mamaye doron ƙasa a zamanin dinoso, manyan dabbobin da suka ƙare tun da daɗewa, kafin masu fure su rinjaye su. Wasu ma sai a dutse aka fara saninsu: a 1994 aka tarar da wani konifa mai suna Wollemia a raye cikin wani kwazazzabo kusa da birnin Sidni na Ostireliya.

Rassa huɗu

Konifa ne mafi yawa, sama da nau'i 600, ciki har da fain, itace mai ganye kamar allura, da al'ul ɗin da ke kan tutar Lubnan. Saikad sun haura 300, suna kama da gajeren dabino. Ginko nau'i ɗaya tak ya rage, asalinsa ƙasar Sin. Na huɗu su ne dangin Gnetum, Ephedra da Welwitschia, wadda ke hamadar Namib da ganye biyu kacal duk tsawon rayuwarta. Matsayin wannan reshe ana gardama a kansa. Binciken ƙwayoyin gado ya kusantar da shi ga konifa.

Yadda konifa ke rayuwa

Ganyen yawancinsu siriri ne kamar allura, da kauri da maiƙo a bayansa, abin da ke rage asarar ruwa a lokacin da ƙasa ta daskare saiwa ta kasa sha. Suna fitar da ƙaro mai ƙamshi da ke toshe rauni ya kuma kori ƙwari. Curin namiji ƙarami ne, shi ke sakin bununi, iska ta kwasa kamar yadda take yi da na hatsi; ba ruwansu da ƙudan zuma. A wurin fain, bununi kan sauka bana, haɗuwar ƙwayoyi sai baɗi, iri ya nuna bayan wajen shekara biyu.

Itace mafi tsawo da aka auna a duniya konifa ne, a Kalifoniya ta Amurka, ya wuce mita 115. A can ma akwai fain da ya haura shekara 4,800.

A ƙasar Hausa

Gawo, kuka, bagaruwa, kalgo da bedi da suka cika gonakin Maraɗi da dajin Baban Rafi duk masu fure ne. Goriba da giginya ma haka, ko da siffarsu ta ɗauko ta saikad. Filawo da ake dasawa don tare iska yakan ruɗi mutum saboda siraran rassansa, amma shi ma mai fure ne.

Sai an yi nisa ake haɗuwa da na ainihi. A duwatsun Tasili na kudancin Aljeriya akwai wani konifa mai suna tarut, sauran dazuzzukan lokacin da Sahara take da ruwa. Tsofaffin itatuwan da suka rage ba su kai 300 ba. Saikad ɗin Encephalartos barteri na fitowa a Nijeriya, Benin da Gana. A kudancin Nijeriya da Kamaru ana miya da ganyen Gnetum africanum, wanda ake kira afang ko eru. An kuma dasa fain a Filato da kewayen Kaduna.

Amfani

Daga konifa ake samun katako mai laushi, takarda, da man tsinka fenti. Daga ɓawon wani konifa mai suna Taxus aka fara samo maganin ciwon daji na Taxol.